Harajin VAT: Rasit Shi Ne Shaidar Jigawa

Ranar 26 ga Yuni, 2025, Shugaba Bola Tinubu ya rattaba hannu a kan sababbin dokokin haraji guda huɗu, waɗanda biyu daga cikinsu, na haraji da na gudanar da shi, suka fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026. Kafin wannan rana, mafi yawan ƙurar da ta tashi a Arewa a kan rabon kuɗin harajin VAT ta tashi. Gwamnonin Arewa sun taru a Kaduna a watan Oktoba na 2024, suka ƙi amincewa da ƙudurin farko da ya nemi a raba kashi 60 cikin ɗari na kason jihohi bisa inda harajin ya fito. An yi ja-in-ja, aka sasanta, ƙura ta lafa. Sai dai ɓangaren da zai shiga har cikin shagon ɗan kasuwa a Dutse da Birnin Kudu da Kiyawa bai samu irin wannan kulawa ba, wato tsaurara ƙa'idojin rajista da rasit da bayar da bahasi. A nan ne kuwa ribar Jigawa ko asararta take.

Abin da ya sauya

An fara karɓar VAT a Najeriya a 1994 a kan kashi 5 cikin ɗari, aka ɗaga shi zuwa kashi 7.5 a watan Fabrairu na 2020, kuma sabuwar doka ta bar shi a nan. Abin da ta taɓa shi ne hanyar bin sawunsa. Hukumar FIRS ta zama NRS. Dole kowane mai harka ya mallaki lambar shaidar biyan haraji, wadda aka ɗaure ta da lambar NIN ga mutum, da lambar rajistar CAC ga kamfani. Rashin yin rajista na jawo tarar naira 50,000 a watan farko da naira 25,000 a kowane wata bayansa. Wanda ya kasa miƙa bahasinsa kuma, wanda ga VAT ake bayarwa zuwa ranar 21 ga wata mai bi, zai biya naira 100,000 a watan farko, sannan naira 50,000 duk wata. Kamfani ko hukumar da ta ba marar rajista kwangila za a ci ta tarar naira miliyan 5.

Sai batun rasit na na'ura, wanda ake aika bayanansa ga hukuma ta intanet kafin ya zama karɓaɓɓe. An fara shi a watan Agusta na 2025 da manyan kamfanoni masu cinikin naira biliyan 5 zuwa sama a shekara, da nufin ya gangaro kan matsakaita da ƙanana daga baya. Duk wanda aka wajabta masa tsarin ya kuma kauce masa, tararsa naira 200,000 ce, da kwatankwacin harajin da ake bin sa, da kuɗin ruwa.

Dokar ta ware ƙananan masu sana'a. Wanda cinikinsa bai wuce naira miliyan 100 a shekara ba, kadarorinsa kuma ba su haura naira miliyan 250 ba, ba a wajabta masa karɓar VAT ko kai bahasinsa ba, in dai ba aikin ƙwararru yake yi ba, irin na lauyoyi da akantoci. Saboda haka mai tireda a unguwa da mai sayar da dabino a bakin titi ba su da abin fargaba kai tsaye.

Inda gizo ke saƙa

A tsohon tsari, gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 15 na kuɗin VAT, jihohi kashi 50, ƙananan hukumomi kashi 35. Yanzu tarayya ta koma kashi 10, jihohi sun samu kashi 55. A tsakanin jihohin kuma, rabi ana raba shi daidai wa daida, kashi 20 bisa yawan jama'a, kashi 30 bisa inda aka yi amfani da kayan ko hidimar. Wannan na ƙarshe shi ne sabon abu. A da, harajin da mutumin Jahun ya biya a kan katin waya yakan shiga lissafin jihar da hedikwatar kamfanin take, galibi Legas. Yanzu doka ta ce kamfani ya fayyace a bahasinsa inda aka ci kayansa.

A takarda, wannan alheri ne ga jiha irin Jigawa, mai yawan jama'a da ƙarancin hedikwatocin kamfanoni. Amma hukuma ba ta ganin buhun siminti ko katan ɗin sabulu. Abin da aka rubuta kawai take gani. Kaso mai tsoka na kayan masarufin da ake sayarwa a Dutse da kasuwar Shuwarin daga Kano ake saro shi, daga Singa da Kwari da Sabon Gari. Idan ɗan kasuwar Dutse ya je ya biya kuɗi hannu, ya loda kayansa ba tare da sunansa da adireshinsa sun shiga rasit ba, to rubutun ƙarshe da hukuma za ta gani na dilan Kano ne. Shi kuma mai shagon, da yake ƙarami ne, ba ya kai bahasi. Ta haka mutanen Jigawa za su biya harajin a cikin farashi, ladar kuma ta tafi wata jiha. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wannan shi ya sa bai kamata ƙwararrun Jigawa su ɗauki tsauraran ƙa'idojin a matsayin masifa zalla ba. Rasit mai ɗauke da adireshin Dutse shi ne kaɗai shaidar da jihar za ta gabatar a wajen rabo.

Riba ga mai riƙe takarda

Akwai wata fa'ida kuma. Sabuwar doka ta faɗaɗa damar cire harajin da ɗan kasuwa ya biya wajen saye daga wanda zai miƙa wa hukuma, har ya haɗa da injuna da hidimomi. Ta kuma sanya kayan abinci na yau da kullum a matakin sifili, wanda ya bambanta da yafewa: mai sarrafa su ba ya ɗora haraji a kan mai saye, amma yana da ikon neman a mayar masa da wanda ya biya. A ƙaddara mai injin casar shinkafa ya sayi na'ura ta naira miliyan 20, ya biya VAT na naira miliyan ɗaya da rabi. In yana cikin tsarin, kuma rasit ɗinsa ingantacce ne, kuɗin nan suna iya dawo masa. In ba haka ba, sun narke cikin farashin buhu. Doka ta ba ƙaramin ɗan kasuwa damar ya rubuta wa hukuma ya shiga tsarin da kansa, kuma ga masu sarrafa shinkafa da riɗi da zoɓo wannan lissafi ne da ya cancanci a zauna a yi.

Hujjar masu ɗari-ɗari

Masu tsoron tsarin ba su rasa hujja ba. Rasit na na'ura yana buƙatar wuta da intanet da wanda ya iya aiki da su, kuma babu ɗaya cikin ukun da ya wadata a wajen manyan garuruwa. Tarar naira 100,000 ba ta girgiza kamfani a Legas, amma tana iya cinye ribar wata guda ta matsakaicin dila a Dutse. Tarar naira miliyan 5 kuma za ta sa ma'aikatu da jami'a da asibitoci su guji ƙananan masu kawo kaya marasa takarda, ciniki ya koma hannun 'yan tsiraru. Ga kuma tarihi: a wannan ƙasa ne, lokacin tana cikin Jihar Kano, talakawa suka yi murna da gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a 1979. Wanda kakansa ya gudu da shanu don tsoron mai ƙirga, ba a yi masa mamaki in ya ƙi rubuta sunansa.

Duk waɗannan dalilai ne na neman sassauci wajen aiwatarwa. Ba su isa su sa a juya wa tsarin baya ba, domin juya bayan ba ya rage ko kwabo daga abin da mai saye ke biya.

Abin da ya kamata a yi

Nauyi na farko yana kan gwamnatin Gwamna Umar Namadi, tun da baitulmalinta ne zai cika ko ya rame. Ya dace hukumar tara kuɗin shiga ta jiha ta buɗe wuraren taimako kyauta a Dutse da manyan kasuwanni irin Shuwarin da Gujungu da Sara, inda za a yi wa ɗan kasuwa rajista, a kuma bayyana masa dokar da Hausa. Ya dace ta riƙa neman alƙaluman da aka rubuta wa Jigawa a kowane wata tana tantance su, musamman na kamfanonin waya da bankuna da siminti. Kuma ba za ta samu amincewar 'yan kasuwa ba muddin ana tare motocin kaya a hanya ana karɓar kuɗaɗe barkatai.

Ita NRS, ya kamata ta fara da gargaɗi da koyarwa kafin tara, ta kuma samar da hanyar rasit da ke aiki a wayar hannu ko da layi ya yanke. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa na iya ɗaukar akanta ɗaya ya yi wa shaguna da dama aiki. Ɗan kasuwa shi kaɗai kuwa, abin da ake nema gare shi ba shi da wuya: duk ranar da ya yi sari a Kano, ya tsaya a rubuta sunansa da garinsa a rasit kafin a ɗaure kaya.