Kafin ka saya wa Inna garin "sitem sel"

Na san ka taɓa cin karo da tallar nan a sitatus ɗin WhatsApp ko a TikTok: 'yan ƙananan ledoji masu ƙyalli, a ciki wani gari da ake zubawa ƙarƙashin harshe, wai shi "sitem sel". Ciwon suga, hawan jini, rashin haihuwa, har da sankarar mama, duk wai yana maganinsu. Idan kuwa kai ɗan Bagudo ne, ko Illo, ko Ka'oje, ba sai an faɗa maka yadda kaya ke shigowa ba. Abin da ya tsallako ta Tsamiya daga Segbana, ko ta Lolo daga wajajen Malanbil, kafin sati yana kasuwa, kuma ba kowa ke juya kwali ya nemi lambar NAFDAC ba. Da an ga rubutun Faransanci, shi ke nan, "ai na waje ne".

Dalilin da ya sa nake magana da kai shi ne, a gidaje da yawa wayar hannunka ce asibitin farko. Inna ta ji ƙullutu a mama, kunya ta hana ta gaya wa maigida, sai ta raɗa wa 'yarta, 'yar kuma ta shiga intanet.

To mene ne sitem sel na gaskiya? Ƙwayoyin halitta ne masu rai waɗanda ba su gama zaɓar aiki ba. Wani irinsu da ke cikin ɓargo yana iya rikiɗa ya zama ƙashi, guringuntsi ko kitse, kuma duk inda rauni ya samu a jiki yakan nufi wurin don gyara. Nan gizo ke saƙa. Ƙullutun sankara a wajen jiki tamkar rauni ne da ya ƙi warkewa, don haka su ma waɗannan ƙwayoyi sukan je wurinsa. A shekarar 2007 ɗakin binciken Robert Weinberg a Amurka ya gauraya su da ƙwayoyin sankarar mama, aka sa wa ɓeraye. Sakamakon bai yi daɗi ba: cutar ta fi saurin bazuwa zuwa huhu. Masu gyara sun koma 'yan rakiya.

Amma ɓera ba mutum ba ne, kuma ba ka iya leƙa cikinsa kana kallon abin da ke faruwa minti bayan minti. Shi ya sa masana suka ƙera wani ɗan faranti na roba garai-garai, girmansa bai wuce filasha ba. A cikinsa an zana 'yan hanyoyi sirara kamar silin gashi, ruwa na gudana a ciki kamar jini. A wannan layin a shuka ƙwayoyin jijiyar jini na mutum, a wancan a shuka na ɓargo, sannan a saki na sankara, a ɗora madubin ƙara girma a zuba ido. Cibiyar Wyss ta Jami'ar Harvard ce ta fito da samfurin huhu a kan irin wannan faranti a 2010. A 2014 kuma ƙungiyar Roger Kamm ta MIT tare da abokan aikinsu na Italiya suka kwaikwayi ƙashi da ƙwayoyin ɓargo, suka ga ƙwayoyin sankarar mama sun fi huda bangon jijiya su kutsa inda waɗannan ƙwayoyi suke, saboda wani sinadari da suke fitarwa mai kama da kiran "ku taho". Wannan ya taimaka wajen fahimtar abin da likitoci suka daɗe suna gani, cewa sankarar mama idan ta tashi yawo, ƙashi ne masaukinta na gaba-gaba.

Ka ga ke nan masu rainon ƙwayoyin nan masu rai, a ɗaki mai zafi daidai da na jikin mutum, har yanzu taka-tsantsan suke da su a kusa da sankara. Shi kuwa garin leda, galibi abin da aka tatso daga tuffa ko inabi ne aka busar. Babu rai a ciki, balle ya san hanyar mama. Ba na cewa sitem sel ƙarya ne ɗungurungum. Dashen ɓargo aiki ne na gaske, an fara yi wa mai sikila a Najeriya tun 2011 a asibitin koyarwa na birnin Benin, na jihar Edo fa, ba maƙwabtanmu ba. Sai dai wannan aikin ƙwararru ne na makonni a asibiti.

Ni abin da ya fi ci mini rai ba kuɗin ba ne, watannin ne. Ƙiyasin hukumar binciken sankara ta duniya na 2022 ya nuna mata sama da 32,000 ne suka kamu da sankarar mama a Najeriya a shekarar, sama da 16,000 suka rasu. Babban dalili shi ne zuwa asibiti a makare. Wata shida na lasar gari ya isa ƙullutun da tiyata za ta iya cirewa ya kai hammata, ya kai ƙashi.

Kuma gaskiya ba laifin Inna kaɗai ba ne. Daga ƙauyen bakin iyaka zuwa Birnin Kebbi kuɗin mota ne, idan an ce sai na'urar ƙona cutar kuma a miƙa Sakkwato, ga masauki, ga abinci, ga kuɗin kimo. Mai leda kuwa har ɗaki yake kawowa, ya ce a biya kaɗan-kaɗan. Abin mamaki, Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu, matar tsohon gwamnan jihar nan tamu kuma mai gidauniyar Medicaid, ita ce aka zaɓa a 2024 ta zama shugaba mai jiran gado ta ƙungiyar yaƙi da sankara ta duniya, ta farko daga Afirka. Sunanmu ya kai Janeba, saura awon ya kai Lolo.

Ba kowane ƙullutu ne sankara ba, da yawa ma ba ita ba ce. Hoto da ɗan yankin tsoka da za a ciro a auna ne ke raba gardama. Kuɗin kwalin nan guda, ki tambayi direba a tasha, watakila ya kai ku Birnin Kebbi ya dawo da ku, ke da Inna.