Wa ke sa ido a kan mai haɗa man bilicin?

Ungozomar da ke karɓar haihuwa a asibiti sai da ta yi karatu, ta ci jarrabawa, kafin a ba ta lasisi. Ko mai kemis na bakin titi akwai hukumar da ke ba shi izini. Amma mai gyaran jikin da ke haɗa wa matan Daura mai a roba marar suna, gab da biki ko suna, wa ya taɓa tambayarta abin da ta zuba a ciki?

Doka dai akwai ta. Hukumar NAFDAC ta haramta sa zaiba, wato makuri, da sinadarin sitiroyid a cikin man shafawa, har ma a 2023 ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya. Sai dai hukumar kaya take yi wa rajista. Robar da aka haɗa a ɗaki, an zuba wannan an ƙara wancan, ba ta da lamba, ba ta da takarda, kuma idan ta yi ɓarna babu wanda za a kama.

Ga mai ciki abin ya wuce maganar fata. Zaiba tana ratsa fata ta shiga jini, ta lalata ƙoda, ta bi ta mabiyiya ta kai ga jariri, inda take cutar da ƙwaƙwalwarsa da ke tsirowa. Tana kuma fita a ruwan nono. Shi kuwa sitiroyid mai ƙarfi yana sa fata ta yi siriri, ciwo ya yi jinkirin warkewa, abin da mai jiran tiyatar haihuwa ya kamata ta sani. Wani bincike da aka yi a kan masu ciki a Dakar ta Senegal, aka wallafa a 2007, ya gano cewa masu shafa irinsa sun fi haihuwar jarirai marasa nauyi.

A ganina bai kamata a tsaya ga kama kaya a kasuwa kawai ba. Gwamnatin Jihar Katsina ta yi wa masu gyaran jiki rajista, a horar da su, masarauta kuma ta taimaka ta hannun masu unguwanni, domin su suka san gidan kowace. Dilka da lallen gargajiya sana'a ce ta mutunci, kuma rajista za ta raba masu ita da 'yan haɗe-haɗe. Maigida da ke yabon fari, shi ma da nasa laifin.

Kafin nan, 'yar'uwa, idan kina shafa irin wannan mai, ki zo da robar ranar awo ki nuna wa malamar asibiti. Wadda ta daɗe a kan mai sitiroyid kada ta bari lokaci guda, sai da shawarar likita.