Wasiƙun ƙungiya ba kayan sakatare ba ne

Jama'ar Madarunfa, mu gaya ma juna gaskiya. Ƙungiyoyinmu na masunta da manoman rani, duk wasiƙunsu na Gmail suna cikin wayar mutum guda. Ran da wayar ta ɓace a kasuwar Ɗan Isa, ko sakatare ya yi fushi, shi ke nan, takardun proje sun tafi.

Alhali tsohuwar kwamfuta mai Linux ta isa. Fetchmail ya jawo saƙonni ya aje a buro, procmail ya tace su: na meri nan, na masu tallafi can, na 'yan damfara kwandon shara.

Kar wani ya ce ba kuran, ba rezo. Saƙo yana jira har rezo ya dawo, kuma panno guda na riƙe kwamfutar. Shugabanni, ku sa yaranmu na lise su haɗa muna ita.