Mai kamun ƙafa ya rubuta sunansa a ƙofa



A kasuwar bisashe, ko ta Abalak ko ta Badagishiri, ba a cinikin sa a ɓoye. Dillali yana nan, shaidu suna nan, kowa ya san wanda ya taya da wanda ya sallama. To, don me idan ciniki ya shafi ƙasa baki ɗaya sai a rufe ƙofa?

Muna magana ne a kan kamun ƙafar da gwamnatocin waje ke yi wurin magabatanmu. Iyayenmu ba su manta da watan Janairun 1994 ba. A Dakar shugabanni suka zauna da ministan Faransa da shugaban FMI, gari na wayewa sefa ta rasa rabin darajarta. Shanunmu sun samu kasuwa a Abijan, amma maganin bisashe ya yi tsada. Da ribar da asarar duka a rediyo makiyayi ya ji su.

A 2014 kuma Tarayyar Turai ta matsa wa ƙasashen Afirka ta Yamma su sa hannu a yarjejeniyar ciniki ta APE. Nijar ta sa, Najeriya ta ƙi, shi ya sa ba ta fara aiki a yankin ba. A lokacin kuɗin duwan na buhun garin madara kashi 5 ne kawai cikin ɗari, yarjejeniyar kuma za ta kai ga soke shi. Wa zai sayi nonon matanmu idan gari ya fi shi araha? Wace ruga aka je aka tambaya?

Ba mu ce a kori baƙo ba. Kowace ƙasa tana neman wa manomanta kasuwa, haƙƙinta ne. Amma su ma ba su yarda da duhu a gidajensu ba. Tun 1938 Amurka ke da dokar da ta tilasta wa mai yi wa gwamnatin waje kamun ƙafa ya yi rajista, ya faɗi wanda ya aiko shi da abin da aka biya shi. Faransa ma ta yi irin tata a 2024.

Mun san amfanin aiki a fili. Dokar kiwo ta Mayun 2010 ta amince da haƙƙinmu na yawo da dabbobi, domin an shekara da shekaru ana shawara da ƙungiyoyinmu kafin ta fito.

Saboda haka muna kira ga hukuma, ko wa ke riƙe da mulki: duk wakilin ƙasar waje, Bature ne, Balarabe ko ɗan Sin, da ya zo kan maganar nono, nama, filin kiwo ko burtali, a rubuta sunansa da buƙatarsa. A karanta yarjejeniya a rediyo da Hausa, Fulatanci da Buzanci tun kafin a sa hannu.

Ba a yi wa mutum aski ba ya nan. Allah ya ba mu damina mai albarka.