Ka Sayi Motar Da Bakaniken Mafara Ya Sani

'Yan uwa ɗalibai, na san wani zai ga wannan take ya ce, “Kai malam, mu da muke lissafin kuɗin hoton takarda da na garin kwaki, ina mu ina zancen mota?” Gaskiyarsa. Amma a cikinmu akwai ma'aikata masu karatun ƙarshen mako, akwai waɗanda da zarar sun karɓi sakamako za a haɗa musu jari a gida su fara haya tsakanin Mafara da Gusau ko Sakkwato. Mafi yawanmu kuma mu ne 'yan boko a gidajenmu, ranar da baba ko yaya zai sayi mota mu za a kira a ce, “Kai da ka yi Abdu Gusau, zo ka duba mana.” Wani gona aka sayar aka tara kuɗin, wani shanu. Shawarar da za ka bayar ranar ba abin wasa ba ce.

Ra'ayina shi ne: duk wanda zai sayi motarsa ta farko a wannan yanki namu, ya nemi ƙarama, mai silinda huɗu, wadda kanikawan garin nan suka saba kwance ta su ɗaura, kayan gyaranta kuma suna nan a shagunan Mafara ko Gusau. Kyan fenti da girman suna su biyo baya.

Mu fara da mai. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira dubu a gidajen mai da yawa. Tun daga lokacin lissafin mota ya canza. Ga misali mai sauƙi. Ƙaramar mota mai lafiyayyen inji takan sha kamar lita 7 ko 8 a tafiyar kilomita 100, babba mai silinda shida kuwa takan kai 12 ko 13. Mu ɗauki bambancin lita 5, mu sa lita a naira 900: naira 4,500 ke nan a kowane kilomita 100. Idan kana yin kilomita 800 a wata, abin da bai kai komai ba ga mai zuwa Gusau a kai a kai, ka ƙona naira 36,000 a kan bambancin kawai. Mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne. Fiye da rabinsa ya tafi a hayaƙi don a ce wane ya hau babbar mota.

Shi ya sa idan ka ga an karyar da farashin tsohuwar babbar mota har ta fi ƙaramar Corolla araha, kada ka ɗauka gara ka samu. Mai ita ya gaji da ciyar da ita ne, yana neman wanda zai karɓe shi.

Na biyu, kuma a wajena shi ne babba, shi ne hanya. Mutumin Abuja idan motarsa ta mace sai ya kira mai ja, ya tsaya a inuwa yana latsa waya. Mu nan kowa ya san abin da ake nufi idan aka ce mota ta tsaya da kai tsakanin Mafara da Maradun, ko a kan hanyar shiga Bakura, la'asar ta yi sakaliya. Ba sai na faɗi sunan abin da ake tsoro ba. Mun kuma ga yadda aka rufe layukan waya a jihar nan gaba ɗaya a Satumban 2021, lokacin da ko bakanikenka ba ka iya kira. A Zamfara ta yau, motar da ba ta barin mutum a hanya tana cikin matakan tsaron rai. Duk wani ado da zai zo da hatsarin tsayawa a daji bai cancanci kuɗinka ba.

To wace mota ke nan? Ka je tasha ranar Talata, ranar kasuwa, ka tsaya ka ƙirga. Direbobin haya ba sa sayen mota don burgewa, abin da ke jure lodi da ramuka suke saye. Za ka ga Golf da Sharon sun cika wurin. Golf 3 an daina ƙera ta tun ƙarshen shekarun 1990, amma har yau tana aiki saboda babu garejin da ba a san cikinta ba, kuma kayanta ko'ina akwai. Matsalarta ita ce tsufa: yawancin waɗanda ke kasuwa yanzu haya ta riga ta cinye su, wayoyin wutarsu duk an yi musu ɗori. Ga mai neman ta gida, Corolla ta 2003 zuwa 2008 mai inji 1.8 ta yi suna da haƙuri, sai dai sunan nan nata ya sa ta tsada. Abin da wasu ba su sani ba shi ne Pontiac Vibe da Toyota Matrix na waɗannan shekarun, a mafi yawansu, injin Corolla ɗin ne a ciki, ga bayansu da faɗi don buhu biyu ko uku. Peugeot 206 ba ta shan mai, kuma Arewa ta daɗe da sanin Peugeot tun da aka buɗe masana'antarta a Kaduna a 1975, amma ni dai ba zan ba kowa shawarar mai giyar otomatik ba. Giyar hannu ta fi sauƙin gyara, kuma ranar da batir ya ƙi, samari biyu sun isa su tura ka ta tashi.

Akwai masu cewa ƙaramar mota ba ta iya hanyoyinmu, musamman da damina, ko ga mai gona a Bakolori da zai riƙa ɗauko shinkafa. Akwai gaskiya a ciki. Ƙasan ƙaramar mota yana kusa da ƙasa, kuma laka ba ta san sabo ba. Amma ka tambayi kanka sau nawa a shekara za ka ɗauko amfanin gona. Idan sau uku ne ko huɗu, ɗaukar hayar a-kori-kura a waɗannan ranaku ya fi maka sauƙi a kan ciyar da jif wata goma sha biyu. Wanda sana'arsa dakon kaya ce, wannan lissafinsa daban.

Idan an zo sayen, ga abin da nake ganin bai kamata a yi sakaci da shi ba. Ka je da bakanikenka, wanda kai za ka biya, kada ka dogara da wanda dillali ya kawo, domin dillali la'adarsa yake nema. Ka je da sassafe, ka taɓa injin ka ji da sanyi kafin a tayar, saboda injin da ya ɗumama yana ɓoye ciwonsa. Ka duba salansa: hayaƙi mai shuɗi-shuɗi alamar inji na shan baƙin mai ne, fari mai kauri da ba ya yankewa kuma alamar ruwa na shiga inda bai kamata ba. Ka buɗe murfin baƙin mai, idan ka ga abu kamar madarar shayi a jikinsa, ka yi sallama ka tafi. Ka duba lagireto da fanka, don zafin watan Afrilu a nan ba ya yafe wa motar da ke tafasa. Kada ka yarda da lambar kilomita da ke kan allo, ana mayar da ita baya. Robar birki da ta kulos da sitiyari su za su gaya maka yawan tafiyar da ta yi. Ka ɗaga kafet ka sansana, domin wasu motocin da ake kawowa daga Amurka ambaliya ce ta cinye su aka wanke. Sannan ka hau ta ka bi hanya mai gargada, kada ka tsaya a kwalta mai santsi.

Sai takardu. Tun 1 ga Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, alhali motocin da muke kira 'yan Kwatano da yawa ta Nijar suka saba biyowa. Don haka ka tabbatar lambar shasi da ke jikin motar ita ce a takardar kwastan, ka kuma kai a tantance maka takardar kafin ka biya. Motar da aka kama a shingen kwastan, arahar da ka samu ta tafi tare da ita. A rubuta yarjejeniyar ciniki da shaidu, ka canza sunan mallaka, ka yi inshora ta gaskiya, wadda mafi ƙaranci ta koma naira 15,000 tun Janairun 2023.

Abu na ƙarshe, kada ka zuba duk abin da ke hannunka a kan farashin motar. Tsohuwar mota ba ta rasa buƙata a watan farko: juyen mai, taya, batir, wataƙila birki. Ka rage wani abu don wannan. Wanda ya ƙarar da kuɗinsa a wajen dillali, shi ne za ka ga motarsa an ɗora ta a kan duwatsu a ƙofar gida, kaji na kwana a ƙarƙashinta.

Ina kuma kira ga Ƙungiyar Ɗalibai da ta haɗa kai da 'yan uwanmu na sashen injiniyan kanikanci, a ware rana ɗaya a zango a gayyato gogaggun kanikawa biyu ko uku daga cikin gari, a kawo tsohuwar mota a fili, a nuna mana waɗannan abubuwa da ido. Abin ba zai ci kuɗi mai yawa ba, kuma zai iya hana gonar wani gida tafiya a banza.