RA'AYINMU: A KAN HANYA ABINCI KE YIN TSADA

Duk lokacin da abinci ya yi tsada a biranen Kudu, wanda akan fara ɗora wa laifi shi ne Bahaushen da ke zaune gaban kwandon tumatir a kasuwar Mil 12 ta Ikko, ko mahaucin Agege, ko mai albasa a Bodija ta Badun. Shi mai saye yake gani, saboda haka shi yake zagi. Ita kuwa Gwamnatin Tarayya, ko ta soja ko ta farar hula, da zarar kuka ya yi yawa sai ta fuskanci tashar jiragen ruwa, ko dai ta buɗe ko kuma ta rufe.

A shekarar 1980 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kafa kwamitin shigo da shinkafa a ƙarƙashin Alhaji Umaru Dikko. A 1985 gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da ita ɗungum. Daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 an rufe kan iyakokin ƙasa. A watan Yulin 2024, bayan hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari, aka ba da sanarwar janye kuɗin kwastan na kwana 150 a kan masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba. Hatsi ya sauko a 2025, ba mu musa ba, amma manoman da suka sayi taki da tsada su suka biya wannan sauƙi daga aljihunsu.

To, amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Tumatirin Kadawa da albasar Aliero da shanun Potiskum da na Maigatari ba ta teku suke zuwa ba. A bayan mota suke zuwa, tafiyar kusan kilomita 1,000 ko fiye, kuma duk wanda ya taɓa rako kaya ya san inda kuɗi ke zurarewa.

Da fari dai ga man gas, wanda manyan motoci ke sha. A 2021 lita ba ta kai naira 300 ba. A farkon 2024 ta wuce naira 1,000. Ga kuma hanyar ita kanta. Da gadar Tatabu da ke tsakanin Mokwa da Jebba ta karye a daminar 2017, motoci sun yi ta zagaye, kayan gwari suna ruɓewa, dabbobi suna galabaita. Kwana ɗaya da aka ƙara wa tumatir a cikin kwando yana iya cinye ribar tafiyar gaba ɗaya, kuma saniyar da ta faɗi a cikin mota sai dai a yanka ta a sayar a wulaƙance.

Sa'an nan ga uwa uba, wato shingaye. Tun daga inda aka yi lodi har inda za a sauke, direba ba ya rabuwa da miƙa hannu ta taga. Wannan ya ce kuɗin amfanin gona, wancan ya ce na duba lafiyar dabbobi alhali ko leƙa motar bai yi ba, wani ya ce na ƙaramar hukuma, wani na takardar da akan manna a gilashi, wani kuwa ba shi da suna ba shi da rasit, sai gungume da ƙusoshi a tsakiyar titi. Rasit ɗin da aka yanka a wata jiha ba ya aiki a jihar da ke gabanta. Mai kaya ba daga sama yake samo waɗannan kuɗaɗe ba. A kan kowane kwando da kowace saniya yake raba su, uwargida a Surulere ta biya, ta koma gida tana cewa Malam ya cika son riba. An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Abin takaicin shi ne ba doka aka rasa ba. Tun 1998 gwamnatin soja ta kafa Doka ta 21, wadda ta jera harajin da kowane matakin gwamnati ke da ikon karɓa, ta kuma haramta wa kowa, har da hukumar haraji, kafa shinge a kan hanya don karɓar kuɗi, da hukuncin tara ko ɗauri. Muna tambaya: tun daga wannan shekara, shinge nawa direbobinmu suka ga an ɗauke bai dawo ba bayan mako guda?

Kakanninmu a jirgin ƙasa suke kawo shanu Ikko, su koma da goro, tun bayan da dogo ya isa Kano a 1911. A 2016 an gwada ɗauko shanu a jirgi daga Gusau, aka yi biki aka ɗauki hotuna, amma har yau mota ce ke ɗauke da wannan fatauci. Jirgin fasinja na zamani da aka buɗe tsakanin Ikko da Badun a 2021 abu ne mai kyau, sai dai bai rage ko kwabo a kan kuɗin tiya guda ta wake ba.

Wannan magana ta wuce ta ciniki, ta shafi lafiyar 'yan'uwanmu da ke zaune a nan. Ba mu manta da rikicin kasuwar Shasha ta Badun a Fabrairun 2021 ba, da rayuka da rumfunan da aka yi asara. Ba mu kuma manta da abin da ya biyo baya ba, sa'ad da ƙungiyar fataken abinci da dabbobi ta tsai da motoci a Jebba. Cikin 'yan kwanaki nama da tumatir suka gagari talaka a Ikko, a Arewa kuwa tumatir ya yi kwantai a hannun manomi. Mun fahimci ɓacin ran da ya jawo haka, amma ba ma goyon bayan a maimaita. Wanda ya ba da umurnin tsai da mota yana kwana a gidansa. Mai shayi da mai gadi da ɗan dako da ke tsakiyar baƙin gari su ne ke kwana da ido ɗaya.

Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Tarayya da ta zauna da gwamnoni a amince da rasit guda, wanda za a yanka a inda aka yi lodi, ya kai mota har kasuwar da za ta, su kuma jihohin su raba kuɗin a tsakaninsu. A cikin kasafin kuɗin kowace shekara a ware wa hanyar Ilori zuwa Jebba da Mokwa kuɗin da za a saki da gaske, ba na kan takarda ba, haka nan taragun ɗaukar kaya. Sabuwar Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo da aka kafa a 2024 ta ɗauki wannan a matsayin aikinta na fari.

Mu ma da namu gyaran. Kuɗin ƙungiya da la'adar dillalai da akan karɓa a zangogin shanu da kasuwanninmu suna cikin abin da ke hawa kan farashi, kuma ba kowane shugaba ke iya faɗin inda suka shiga ba. Muna shawartar sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa na Mil 12 da Akinyele da Lokpanta su sa kowane direba ya riƙa rubuta inda aka tsai da shi da abin da ya biya, har tsawon wata uku, a tattara a kai wa 'yan majalisar da ke wakiltar garuruwan da kayan suka fito kafin a fara muhawarar kasafin kuɗi mai zuwa.