Ban haƙuri bai isa ba, NFF ta fito da lissafi

Takardar ban haƙurin da Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Najeriya, NFF, ta fitar bayan Kongo ta fitar da mu a bugun fenariti a Rabat ranar 16 ga Nuwamban 2025 ba ta gamsar da mu ba. Ba ma jin ta gamsar da matasan da suka kai tsakar dare a gidajen kallo, suka watse jiki a sanyaye. Sau biyu ke nan a jere Super Eagles ta rasa gurbin zuwa Gasar Kofin Duniya, abin da ba a taɓa gani ba tun zuwanmu na farko a 1994.

Masu kare hukumar na cewa bugun fenariti sa'a ne, kuma Osimhen bai dawo daga hutun rabin lokaci ba. Mun ji. To amma wa ya kai mu Rabat tun farko?

Maki 3 kacal muka tara a wasanni huɗun farko. Lesotho ta zo har Uyo ta riƙe mu kunnen doki, Zimbabwe ma ta riƙe mu gida da waje. Jamhuriyar Benin ta doke mu 2-1 a hannun Gernot Rohr, kocin da NFF ta kora a 2021. FIFA ta zaftare wa Afirka ta Kudu maki 3 saboda ta sa ɗan wasan da bai cancanta ba, duk da haka ta gama a gabanmu. A wasanni 10 na rukuni koci uku muka yi: Peseiro, Finidi George, sannan Eric Chelle. Ba mu manta ba kuma da yadda aka yi shelar ɗaukar Bruno Labbadia a 2024, bayan 'yan kwanaki magana ta bi ruwa. Duk wannan a lokacin da aka ƙara wa Afirka gurabe daga 5 zuwa 9, har Cape Verde, wadda mutanenta ba su kai miliyan ɗaya ba, ta samu nata.

Abin da ya fi ƙona rai shi ne na kwana biyu kafin karawa da Gabon, wasan da ya gabaci na Kongo. 'Yan wasa suka ƙi fita atisaye a Maroko saboda alawus ɗin da suke bi. A makon da ya kamata hankali ya koma kan fili, sai ga ƙasa guda tana muhawara kan bashi. Kuma ba yau farau ba. A 2013 'yan wasan koci Keshi sun ƙi hawa jirgi a Namibiya saboda kuɗi. A 2014 an ƙaurace wa atisaye a Brazil ana gab da haɗuwa da Faransa. A 2016 Super Falcons sun ɗauko kofin Afirka, suka yi zaman dirshan a otal a Abuja kafin a biya su. Shugabanni sun canza, hali bai canza ba. Ina kuɗin suke shiga? NFF ta fito da lissafi.

Maganar da Chelle ya yi cewa 'yan Kongo sun yi tsafi lokacin fenariti ba ta cancanci amsa ba. Wanda bai biya ma'aikacinsa ba, ba ya buƙatar boka ya kayar da shi.

Mun ga yadda aka yi a 2022, bayan Ghana ta fitar da mu a Abuja: aka sallami masu horarwa, manya suka ci gaba da zama a kujerunsu. Kada a maimaita. Shugabancin Ibrahim Musa Gusau ya karɓi aiki a NFF a Satumban 2022, saboda haka wannan zagayen gaba ɗayansa a hannunsa ya lalace. Ya kamata ya wallafa abin da ya shigo daga FIFA da CAF da gwamnati, da abin da aka kashe, da bashin da kowane ɗan wasa da koci ke bi. Bayan haka ya sauka.

Mun san za a ɗaga mana sandar FIFA, a ce gwamnati ba ta da hurumin tsoma baki. Tambayar inda kuɗin jama'a suka tafi ba katsalandan ba ne. Muna kira ga Majalisar Tarayya da Hukumar Wasanni ta Ƙasa su gayyaci shugabannin NFF, su zo da takardunsu, kuma a yi zaman a bainar jama'a.